Shekarar Mai Bakin Cokali

Akwai maganar da kuke yi a tsakaninku, ke Sadiya da ƙanenki Mustafa, wadda kuke zaton ba ta zuwa kunnena. Kuna cewa tsuntsu ne ya cinye idon babanku, ni kuma ina zaune ina kallo ban hana ba. Ba na jin haushinku, don rabin labarin kuka sani. Yanzu da ƙafa ta zaunar da ni, ba girki ba hawan bene, bari in rubuta muku shekarar nan yadda na gan ta. In kun karanta kuka ga har yanzu ina da laifi, to ku riƙe ra'ayinku, amma ku riƙe shi bayan kun ji ta bakina.

Babanku ɗan Nguru ne, a bakin fadama ya tashi, inda yaro ke sanin dinya da kirinjijiya tun kafin ya san baƙi da wasali. Ni kuwa 'yar cikin birnin Kano ce, tsuntsu a wurina iri biyu ne, wanda ake soyawa da wanda ke ɓata wa mutum shanya. Karatun ilimin halittu ne ya kawo shi Malesiya. Ya gama, aikin da ya yi wa karatun bai samu ba, sai ya zama ejan ɗin ɗalibai: ya samo musu makaranta, ya taro su a filin jirgi, ya kama musu ɗaki a dogayen benayen Bukit Jalil. Ni kuma ina gidanmu na Sri Petaling, saman shagon wani Ba'indiye, ina tuƙa tuwo ina zubawa a robobi, yara suna zuwa tapau, wato su saya su tafi da shi ɗakunansu. Da haka muka rene ku. Abin da ya rage masa na karatunsa bai wuce ranar Asabar ba. Duk Asabar ɗin da ya samu sarari sai ya saɓa madubin hangen nesansa mai ƙafa uku, ya bi wani dattijon Basine mai suna Mista Ong da 'yan ƙungiyarsu ta masu kallon tsuntsaye zuwa gaɓar tekun Selangor. Ya dawo mini da wando kaca-kaca da taɓo, baki har kunne. Na yi mita har na gaji na bari.

Ƙasar nan ba ta da kaka, kun sani, ruwa ne da zafi daga wannan shekara zuwa waccan. Amma shi yana da tasa kakar. Lokacin da ake yankan gero a gida, a lokacin ne tsuntsayen bakin ruwa ke baro ƙasashen sanyi su sauko nan dubbai, su bazu a kan taɓon da teku ke bari in ya janye. Da ya ga sun fara isowa zai shigo ya ce mini kaka ta yi, in ce masa to ina hatsin. A cikin dubban nan akwai wani ɗan mitsitsi da bai kai rabin kurciya ba, ƙarshen bakinsa a baje kamar cokalin shayi. Babanku ya ce irinsa ya kusa ƙarewa a duniya, kuma a gaɓar nan sai a daɗe ba a ji wanda ya gan shi ba. Shi dai ya yi imani tsuntsun yana ratsowa, idanun da ke nemansa ne suka yi kaɗan, don yana sajewa da wasu ƙanana masu kama da shi, sai ya juyo da baki ake bambancewa. Hotonsa yana manne a jikin firjina tun Mustafa na rarrafe. Mista Ong wata ƙasa ya je ya gano shi, babanku kuwa ya ce shi a nan zai gan shi, inda ya daɗe yana jiransa.

Ɗaliban nan ba ejan kawai suka ɗauke shi ba, uba suka ɗauke shi, shi ma bai yi musu riƙon wasa ba. Abin da ya fi tsana shi ne yaro ya zo ƙasar mutane ya ajiye tarbiyyar gidansu a filin jirgi. Kun tuna Nura, dogon nan ɗan Zariya mai karatun kwamfuta. Ranar da ya fara zuwa gidanmu yana kishingiɗe a kujera da abin jin waƙa a kunne, babanku ya shigo daga masallaci da ledar kayan miya a hannu, yaron ya ɗaga masa yatsu biyu.

"Hi, sir," in ji shi.

Babanku ya tsaya a bakin ƙofa, bai ajiye ledar ba.

"A gidanku haka kake gaida mahaifinka? In babba ya shigo tashi ake yi. In da kaya a hannunsa a karɓa. Ko a Malesiya kake, ko a duniyar wata."

Nura ya miƙe da sauri ya karɓi ledar. Tun daga ranar shi ya zama mai yi wa sababbin zuwa karatun ladabi. In babanku ya shiga wuri, ko shagon mamak ne inda ake shan shayi, sai ka ga samari sun miƙe tsaye gaba ɗaya, 'yan ƙasa suna waigowa ko wani minista ne ya shigo. Yana jin daɗin abin, ba zan ɓoye ba, ni ma ina ji.

Hawan jinin ido ba ya sallama. Kafin mu farga idon babanku na hagu ya riga ya tafi, na daman kuma ya soma tsukewa daga gefe. Ya fara ture kofi da hannun riga, ya fara karo da mutane a tashar jirgin ƙasa na LRT yana ba su haƙuri. Ya ce mini ganinsa ya koma kamar na mai leƙe ta cikin bututu, tsakiya tana nan tangaran, gefe duk duhu. Likitar da muka gani ba ta yi mana rufa-rufa ba. Ta ce maganin ɗigawa ya daina riƙewa, aiki ake bukata, kuma kada a daɗe. Ta kuma ce idon da ya kai wannan hali, aikin yana iya tsare ɗan abin da ya rage, yana kuma iya tafiya da shi a lokaci guda. Sadiya, kina wurin, ke kike fassara mini. Ke abin da ya shiga kunnenki shi ne a yi da wuri. Shi abin da ya shiga nasa shi ne yana iya tashi daga gadon aiki ba ya ganin komai. Duka biyun likita ta faɗa.

Da muka dawo gida na zuba abinci, aka zauna, sai ya ce ya yanke shawara a ɗaga aikin zuwa bayan kaka, saura wata uku ko kusa da haka. Ke Sadiya kika ajiye cokali.

"Abba, please, wannan ba magana ba ce. Ido fa. Saboda tsuntsu? Umma, ki yi masa magana lah."

Mustafa, kai lokacin Hausarka ma daƙyar take fita, ka haɗa Turanci da yaren Malesiya kana nufin ko baɗi ma za a iya, ka ce, "Next year boleh, Abba. Tsuntsun zai dawo."

"Tsuntsun yana iya dawowa," in ji shi. "Idon ne ban sani ba."

Na tashi na kwashe kwanuka. Sai da safe bayan kun fita, ina jajjage, ya zo ya jingina da ƙofar kicin kamar yaron da ya yi laifi.

Na ce, "Malam, tsakaninka da Allah, in an ɗaga aikin nan kana da tabbacin za ka gan shi?"

"Ba ni da shi, Hajiya."

"To me kake so?"

"Ina so in neme shi sau ɗaya yadda ya kamata a nema, da idona a buɗe. Kullum mu 'yan kaɗan ne a gaɓar da ba ta da iyaka, muna nan tsuntsu yana can. In na tara yaran nan aka sa wa kowace mafaka ido a lokaci guda, in yana nan za a gan shi. In ba a gan shi ba, na san ba ya nan, in je in kwanta a yi mini aikin da zuciya ɗaya."

Na ci gaba da jajjagena ina tunani. Duk zaman da muka yi mutumin nan bai taɓa roƙona wani abu don kansa ba. Ya bar abin da yake so ya bi layin ofisoshi da fasfunan 'ya'yan mutane don mu ci mu sha. Tsoro ya cika ni, don na san in idon ya tafi ni zan ɗauki makaho, kuma ku ba za ku yafe mini ba. Amma na fi tsoron ya makance yana jin cewa mu muka hana shi. Na ce masa na yarda, da sharaɗin ana gama ƙidayar tsuntsayen da yake son haɗawa sai asibiti, an gani ko ba a gani ba. Ya ce ya ɗauki alkawari. Sadiya, kin yi makonni gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ban ga laifinki ba, kuma har yau ban janye amincewata ba.

Daga nan gidanmu ya koma ofishin tsuntsaye. Sai a lokacin na fahimci yadda abin yake. In teku ya janye, tsuntsayen suna bazuwa can nesa a kan taɓo, ba mai iya ƙirga su. Sai an jira babbar cika, wadda ke zuwa in wata ya cika, ruwa ya koro su su taru a 'yan wurare masu tudu, galibi tsofaffin kududdufan kiwon jatan lande da aka watsar, waɗanda aka kewaye da ganuwar ƙasa. Kuma dole duk wuraren a ƙirga su a lokaci ɗaya, in ba haka ba garken da ka ƙirga a nan shi wani zai sake ƙirgawa a gaba. Shi da Mista Ong suka bi gaɓar ƙauye-ƙauye suna neman izinin masunta da masu kududdufan. Mista Ong bai ɓoye shakkarsa ba, ya tambayi babanku ko samarinsa za su iya zama shiru, don ya taɓa jin su suna kallon ƙwallo. Babanku ya ce ya bar masa wannan.

A masallacin Kampung Baru ya riƙa tare ɗaliban bayan sallar Juma'a. Gaskiya ba son tsuntsu ne ya kawo yawancinsu ba, labari suka ji cewa Mama, wato ni, za ta yi masa da dambun nama.

"Baba, tsuntsun nan in an kama ana ci ne?" in ji Nura ranar farko.

"Loma ɗaya ba zai yi maka ba."

"To duk wannan wahalar fa? Abeg, Baba."

Aka yi dariya, amma shi ne ya fi kowa koyo. Babanku ya ɗauki farantina babba ya baza shinkafa a kai, ya koya musu su ƙirga goma, su riƙe girman goman nan a ido, su yi ta aunawa har ƙarshen faranti. Sannan ya jefa ƙwayar alkama ɗaya a ciki ya ce su nemo ta ba tare da sun taɓa ba. Shinkafata ta sha hannu a watan nan, na ce duk wanda ya zubar shi zai share. Ya kafa musu dokoki. Ba farar shadda, ba hula mai walƙiya, ba turare, waya a rufe mata baki. Ba a nuna tsuntsu da hannu. Babbar dokar ita ce ba a tsayuwa a kan ganuwa, don da tsuntsu ya hango mutum a tsaye sama na bayansa garken duka zai tashi, sai dai a sunkuya ta bayanta a rarrafa a leƙa. Har yadda za su danne tari ya koya musu. Ya tanadi ruwan sha, da maganin sauro, da inda kowace ƙungiya za ta yi sallar azahar. Abu ɗaya ne bai zo masa a rai ba, ni ma bai zo mini ba.

Duk wannan hidima da ake yi idon yana ƙara tsukewa. Ina kallo zai miƙa hannu ya lalubi kofin shayi da ke gabansa, in ya ji na shigo sai ya wayance da gyara tabarma. Ni kuma in wayance ban gani ba. Na sha shiga banɗaki in saki famfo in yi kukana in fito.

Ranar ƙidayar muka fita bayan asuba a wata bas da aka yi haya. Ku biyu kun ƙi zuwa. Ni ban taɓa taka wurin ba, na je ne don in riƙe masa hannu. Aka riƙa sauke samarin rukuni-rukuni a bakin kududdufai, Mista Ong da mutanensa suka wuce can arewa, mu muka zauna a tsakiya da ɗalibai biyu. Gari a lumshe, ba rana ba ruwa, ga warin taɓo da ruɓaɓɓen kifi, ga zafi mai danƙo. Na zauna a kan ɗankwalin da na shimfiɗa ina tambayar kaina me ya kawo 'yar Kano nan. Can ruwa ya fara tahowa, sai ga su. Da farko tsilli-tsilli, daga baya sama ta cika, suna juyawa gaba ɗaya, su yi duhu su yi fari, su sauka a cikin kududdufin su lafe. Ban ce masa abin ya burge ni ba, amma ya burge ni. Babanku ya manna idonsa na dama a madubin. A nan kam ciwon bai cuce shi ba, don madubin ma ta tsakiya ake gani. Ya bi su baki bayan baki, idon yana zubar da ruwa yana sharewa da hannun riga yana komawa. Hantsi ya yi, ya wuce, ba labari. Ruwa ya kai iyakarsa ya tsaya, ya ce mini da ya fara juyawa za su tashi su koma taɓo.

Sai wayarsa ta girgiza a aljihu. Ya ciro ya kai ta kusa da hanci, ya kasa, ya miƙo mini. Nura ne daga kududdufin ƙarshe na kudu. Ya turo hoto dishi-dishi da ya ɗauka ta cikin madubi, ya rubuta a ƙasa: Baba ga alkamar. Na buɗa hoton da yatsu, na ga abin da na yi shekaru ina gani a jikin firji.

"Malam, shi ne."

Ya miƙe. Ya tattare ƙafafun madubin, muka bar yaran biyu a kan ƙidayarsu muka nufi bas. Direban ya kai mu inda hanya ta ƙare, sauran sai a ƙafa ta bayan ganuwa, ga santsi. Na ce ya kawo madubin in ɗauka, ya ƙi, ya ce nasa ne aka daidaita da idonsa, kuma ƙafafun su ne sandarsa. Tafiyarmu ba ta sauri, yana taka ƙasa kamar mai tsoron ta tsage.

"Hajiya, yi gaba. Ki ce wa Nura kada ya ɗauke ido daga kansa, in ya shige cikin 'yan'uwansa an rasa shi. Ina biye da ke."

Na tattare zane na yi gaba, a sunkuye yadda na ji yana koya musu. Na tarar da su kwance a jikin ganuwar, su biyar, ba mai motsi, ko sauron da ke cizonsu ba sa korewa. Wallahi na yi alfahari da su. Nura ya ja jiki gefe ya yi mini raɗa.

"Mama, duba. Gefen ruwa, kusa da karyayyen itacen nan."

Na sa ido. Da farko gashin idona kawai nake gani, sannan abin ya washe. Sauran duk suna barci, kai a cikin fiffike. Shi kaɗai ne a farke, ɗan ƙarami, cikinsa fari fat, ya duƙar da kai yana share ruwan da baki hagu da dama yana 'yan taku da sauri. Ya ɗago, sai ga cokalin, baƙi, ɗigon ruwa na rataye a ƙarshensa. A raina na ce ashe da gaske ne, ashe mutumin nan ba wahalar banza yake yi ba.

A daidai nan na ji ƙara a bayanmu. Ruwa ya cinye 'yar hanyar a wata kwana, babanku ya ɗan hau jikin ganuwar don ya kauce, ƙafarsa ta zame, ya faɗi a kan gwiwa ɗaya da madubi a kafaɗa. Nura ya waiga. Kafin in buɗe baki ya miƙe, duk tsawon nan nasa a kan ganuwa, sauran huɗun suka miƙe tare da shi, suka zabura.

"Baba! Sannu, Baba, kawo."

Garken ya tashi gaba ɗaya. Ƙarar fukafukansu kamar ruwan sama a kan kwano. Suka yi sama, suka kewaya kanmu sau ɗaya, suka miƙa cikin teku. Babanku yana durƙushe a taɓo, fuskarsa a sama, yana juya kai nan da can yana neman ya kama su a cikin ɗan ganin da ya rage masa. Nura yana tsaye a gabansa da madubin a hannu, ya riga ya karɓa. Na ga lokacin da ya gane abin da ya yi, sai bakinsa ya buɗe ya kasa rufewa.

"Sun tashi?" in ji babanku.

Na ce, "Sun tashi, Malam."

Nura ya zube a gabansa cikin taɓon.

"Baba, na cuce ka. Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba."

Na fara tsoron abin da zai fito daga bakin babanku. Sannan ya laluba ya dafa kan yaron.

"Tashi, Nura. Abin da na koya maka ka yi."

Mun zauna har ruwa ya janye, suka sauka can nesa inda ko madubi ba ya kaiwa. Washegari muka koma, jibi ma muka koma, amma cikar tana raguwa, garken ya canza mafaka, ba a ƙara ganin mai bakin cokali ba. Mista Ong da mutanensa sun karɓi hoton Nura a matsayin shaida, sun yi ta murna, sun ce maganar babanku ta tabbata, tsuntsun yana ratsowa. Ya yi musu godiya yadda ya kamata. A cikin bas ranar ƙidayar ba wanda ya taɓa masar da na soya, a gida na rarraba wa maƙwabta.

Ya cika alkawarinsa, a satin ya kwanta aka yi aikin. Ɗan haske ya tsaya masa na 'yan watanni, yana gane taga da ƙofa, daga baya shi ma ya tafi. Na koma wurin likitar ni kaɗai, da guntun Turancina, na tambaye ta ko da an yi da wuri da idon ya tsira. Ta ce yana yiwuwa, yana kuma yiwuwa da ya tafi tun a lokacin, ba za ta iya rantse mini a kan ko ɗaya ba. Wannan ita ce gaskiyar da nake da ita, ba ni da wadda ta fi ta. Shi kuma Nura, da kika taɓa rufe masa ƙofa a fuska, Sadiya, ki sani bai fasa dawowa ba. Duk Juma'a shi ke riƙe hannun babanku zuwa masallaci har ya gama karatunsa ya koma gida. Kada in ƙara jin sunansa da mugun baki a cikinku.

Ban gaya wa babanku na leƙa madubin ba. Na ga kamar cin fuska ne, a ce ni da na yi shekaru ina masa gori ni ce na gani, shi da ya ba da idonsa bai gani ba. Tun daga nan, ko maganar tsuntsu aka ɗauko sai in tashi in ba su wuri. Wata rana da hantsi ina yanke masa farce, gidan ba kowa, sai ya ce,

"Hajiya, bakin nan da gaske kamar cokali yake?"

Na ce, "Wa ya ce maka na gani?"

"Nura ya gaya mini tuntuni. Jira nake ki faɗa da kanki, na ga ba ki da niyya."

Na ajiye abin yankan farcen na ba shi labari. Abin da na gani ɗan kaɗan ne, ban ƙara ko ƙwaya a kai ba. Ya tambaye ni yadda yake kiwo, na rasa yadda zan kwatanta, sai na kama hannunsa na shimfiɗa a kan tabarma na riƙa share ta da yatsunsa hagu da dama. Ya ce in sake, na sake. Ya ce haka littattafai suka ce, amma ba wanda ya taɓa gaya masa maganar ɗigon ruwan. Ranar mun yi kuka mu biyu, shi ne kukan farko da na ga ya yi a kan idonsa.

A shekararsa ta ƙarshe, jiki ya yi rauni, wasu sababbin ɗalibai suka zo gaishe shi. A cikinsu akwai wanda ya ji labarin ƙidayar a bakin na gaba da shi, bai san ƙarshenta ba, ya tambaya da zuciya ɗaya.

"Baba, to kai ka gan shi kuwa?"

 Ni ina tsaye a bakin kicin da tire a hannu, na tashi daga kujerata tun ɗazu bai ji ba.

"A gidan nan an gan shi," in ji babanku.

Ya juya fuskarsa wajen kujerar da yake zaton ina kai, yana mata murmushi, yana jira in amsa. Yaran suka sunkuyar da kai. Na ajiye tiren a ƙasa a hankali, na zare takalmina, na lallaɓa ta bayansu na zauna a inda yake kallo.

Na ce, "An gan shi, Malam."